Littafi Mai Tsarki: Littattafan Cikinsa da Abin da Kiristoci Suka Gaskata

Littafi Mai Tsarki, wanda ake kuma kira Baibul, tarin littattafai ne da aka haɗa cikin bango ɗaya. Kwafin da yawancin ikkilisiyoyin Furotesta ke riƙe da shi yana da littattafai 66, wato 39 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabon Alkawari. Mutane masu yawa ne suka rubuta su, a ƙasashe daban-daban, cikin tsawon lokacin da ya kai shekara dubu ko fiye. A cikin marubutan akwai sarki da firist, akwai makiyayi da masunci, akwai likita, akwai kuma wanda ya yi rubutunsa yana ɗaure a kurkuku. Abin da suka rubuta shi ma iri-iri ne: tarihi, dokoki, waƙoƙi, karin magana, annabci da wasiƙu duk suna ciki. Kiristoci sun gaskata cewa Ruhun Allah ne ya bishe su, kowa ya rubuta da harshen zamaninsa da irin salonsa, shi ya sa suke kiran littafin Maganar Allah.

Babban mutum da ya fara koyon littafin, ko a ajin baftisma, ko a makarantar Lahadi ta manya, ko kuma wanda son sani kawai ya sa ya buɗe shi, yakan ɗauko daga shafin farko da niyyar sai ya ga ƙarshe. Labaran Farawa da Fitowa sukan ja shi har ya yi nisa. Sai ya iso Littafin Firistoci, ya tarar da sura bayan sura ta ƙa'idodin hadaya da tsarki, gwiwarsa ta yi sanyi, ya ajiye. Laifin ba na kansa ba ne. Ba a jera littattafan bisa shekarun da aka rubuta su ba. An jera su ne yadda ake raba kasuwa, layin masu hatsi daban, na 'yan yadi daban, na mahauta daban. Wanda ya san layin da yake tsaye ba ya neman gero a rumfar yadi, kuma wanda ya san waƙa yake karantawa ba zai ɗauke ta kamar dokar kotu ba.

An rubuta kusan dukan Tsohon Alkawari da Ibrananci, in ban da wasu sassa na littattafan Daniyel da Ezra da ke cikin harshen Aramaik. Sabon Alkawari kuwa da Helenanci aka rubuta shi, irin wanda fatake da talakawa ke hulɗa da shi a gabashin daular Roma.

Lambobin surori da ayoyi ba daga marubutan suka fito ba. Rabon surorin da ake bi yau ana danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Canterbury a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya fito da su a 1551. Littattafan nan 66 suna da surori 1,189 gaba ɗaya. Idan malami ya rubuta Luka 15:11-32 a allo, yana nufin a buɗe littafin Luka, a nemi babbar lamba 15, wadda ita ce sura, sannan a bi ƙananan lambobin da ke cikin layuka daga 11 zuwa 32. Wanda ya yi haka zai tarar da misalin ɗan da ya karɓi gādonsa tun ubansa na da rai, ya tafi wata ƙasa ya ɓarnatar, sannan ya dawo gida a wulaƙance, uban kuwa ya sheƙa ya tarye shi. Lambobin sun sauƙaƙa nema ƙwarai, amma suna da illa guda: sun koya wa mutane cire aya ɗaya daga cikin zancen da take. Malamin kirki yakan sa ɗalibansa su karanta abin da ya gabaci ayar da abin da ya biyo bayanta kafin su ce ga ma'anarta.

Tsohon Alkawari

Zaren da ya ɗinke littattafan nan duka shi ne alkawari, wato yarjejeniyar da Allah ya ƙulla da mutane. Littattafai biyar na farko, waɗanda ake kira Attaura, su ne harsashin. Farawa ta ba da labarin halitta, da Adamu da Hauwa'u, da ruwan tsufana na zamanin Nuhu. A sura ta 12 labarin ya tattaru a kan mutum ɗaya: Allah ya kira Ibrahim, ya yi masa alkawarin ƙasa da zuriya, da cewa ta wurinsa albarka za ta kai ga dukan al'umman duniya. Ragowar littafin ta bi Ishaku da Yakubu da Yusufu har zuriyar ta sauka Masar. Fitowa ta ɗauko daga nan, da bautar da suka sha a hannun Fir'auna, da kiran Musa, da daren Idin Ƙetarewa, da Dokoki Goma a Dutsen Sina'i.

Littafin Firistoci, wanda ya fi gajiyar da masu koyo, ya cancanci haƙuri. Sura ta 16 ta bayyana Ranar Kafara, lokacin da babban firist ke shiga wuri mafi tsarki sau ɗaya a shekara da jinin hadaya saboda zunuban jama'a, kuma ba a iya gane yadda Sabon Alkawari ke magana a kan mutuwar Yesu sai an san wannan. Sura ta 19 kuma ita ce ke ɗauke da umarnin ƙaunar maƙwabci, tare da dokar da ta hana manomi girbe gonarsa tas, domin matalauci da baƙo su sami abin kala. Littafin Ƙidaya ya bi yawon shekara 40 a jeji, Maimaitawar Shari'a kuma jawaban bankwana ne na Musa. Al'adar Yahudawa da ta Kirista ta daɗe tana danganta littattafan biyar ga Musa, masana da yawa na wannan zamani kuwa suna ganin an tattara su ne daga tsofaffin rubuce-rubuce a tsawon lokaci.

Littattafan tarihi 12 ne, daga Joshuwa zuwa Esta. Sun ba da labarin shiga ƙasar Kan'ana, da zamanin mahukunta, da sarautar Saul da Dawuda da Sulemanu. Bayan Sulemanu mulkin ya rabu biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. Akwai shekaru uku da ya kamata mai koyo ya riƙe, domin sassa da yawa na Tsohon Alkawari suna kewaye da su. A shekara ta 722 kafin haihuwar Yesu, Assuriyawa suka ci Samariya, mulkin arewa ya shuɗe. Wajen 586 Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima da Haikali, ya kwashi jama'a zuwa bauta. A 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya kuma ba Yahudawa izinin komawa gida, kuma labarin komawar shi ne ke cikin Ezra da Nehemiya.

A tsakiyar waɗannan labaran yaƙi akwai ɗan ƙaramin littafi mai surori huɗu, Rut. Mace ce 'yar Mowab, baƙuwa, wadda mijinta ya mutu, ta ƙi rabuwa da surukarta Na'omi, ta biyo ta Baitalami ba su da komai. Lokacin girbin sha'ir ne, sai ta shiga gonar wani mai suna Bo'aza tana kala a bayan masu girbi. Mai gonar ya umarci barorinsa kada su tsangwame ta, har ma su riƙa zare zangarniya daga dammuna suna bar mata. A nan ake ganin dokar Littafin Firistoci tana aiki a gona. Daga ƙarshe Bo'aza ya aure ta, ta haifi Obida, kakan Sarki Dawuda, kuma sunanta na cikin jerin kakannin Yesu a surar farko ta Matiyu.

Littattafan waƙa da hikima biyar ne: Ayuba, Zabura, Karin Magana, Mai Hadishi da Waƙar Waƙoƙi. Zabura tarin waƙoƙi 150 ne, kusan rabinsu na ɗauke da sunan Dawuda. A cikinta ake samun sura mafi tsawo a dukan Littafi Mai Tsarki, Zabura 119 mai ayoyi 176, da mafi gajarta, Zabura 117 mai ayoyi biyu. Abin da kan ba sabon mai karatu mamaki shi ne yawan koke a cikinta. Mawaƙan suna yabon Allah, suna kuma kai masa ƙara a fili a kan ciwo da maƙiya da jinkirin amsa. Littafin Ayuba ya fi haka zurfi. Mutum ne adali da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya, abokansa uku suka zo jaje suka dage cewa lalle wani laifi ya yi. A ƙarshen littafin Allah ya tsauta wa abokan, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. A duk inda mutane ke saurin cewa alhaki ne ya kama mai ciwo ko mai asara, wannan littafi ya dace a riƙa karanta shi da natsuwa.

Sashen ƙarshe na annabawa ne, littattafai 17. Ishaya, Irmiya, Makoki, Ezekiyel da Daniyel su ake kira manya, sauran 12 daga Yusha'u zuwa Malakai kuma ƙanana, bisa tsawon littattafan kawai. Mutane kan ɗauka aikin annabi faɗin abin da zai faru ne nan gaba, alhali mafi yawan maganarsu a kan abin da ke faruwa ne a gaban idonsu. Amos makiyayi ne daga Tekowa ta Yahuza, wanda ya haura arewa a ƙarni na 8 kafin haihuwar Yesu, lokacin da ƙasar ke cikin wadata. Ya soki 'yan kasuwa masu tauye mudu da algus a ma'auni, da masu shari'a da ke karɓar hanci, ya ce Allah ba ya son bukukuwan sujadar mutanen da ke tattake talaka. Duk da haka akwai sassan da suka hango gaba. Irmiya 31 ta yi maganar sabon alkawari da za a rubuta a zukata, Ishaya 53 kuma ta siffanta bawan Allah da zai sha azaba saboda laifin wasu. Kiristoci suna ganin waɗannan sun cika a kan Yesu, Yahudawa kuwa suna fassara su ta wata hanya.

Wanda ya ɗauki kwafin Katolika zai ƙirga littattafai 73. Ƙarin bakwai ɗin su ne Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa na ɗaya da na biyu, tare da wasu ƙarin sassa a Esta da Daniyel. Asalin bambancin tsoho ne. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Yesu, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya littattafansu zuwa Helenanci, kuma tarin da Kiristocin farko suka gāda ta wannan hanya yana ɗauke da waɗannan littattafai. Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16 suka koma ga jerin Ibrananci, Katolika kuwa ta tabbatar da nata jerin a Majalisar Trent a 1546. Ikkilisiyar Orthodox ta Habasha tana ƙirga 81. A Sabon Alkawari dai Katolika da Furotesta littattafansu 27 ɗin nan ne, babu ragi babu ƙari.

Game da tsufan rubutun kansa, a 1947 wasu makiyaya Larabawa suka gano tuluna a cikin kogo kusa da Kumran, a gefen Tekun Gishiri, ɗauke da naɗaɗɗun fatu. Cikinsu akwai kwafin Ishaya kusan cikakke wanda ya girmi haihuwar Yesu, ya kuma girmi tsofaffin kwafin Ibrananci da aka sani a lokacin da kimanin shekara dubu.

Sabon Alkawari

Littattafai huɗu na farko su ne Bishara, ko Linjila: Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, wanda wasu fassarorin Hausa ke rubutawa Yahaya. Labarin mutum ɗaya suke bayarwa, kowane da inda ya fi sa ido. Markus ya fi gajarta, surori 16, yana tafiya da sauri daga wannan aiki zuwa wancan, kuma yawancin masana na ganin shi aka fara rubutawa. Matiyu ya yawaita nuna yadda rayuwar Yesu ta cika maganar annabawa, shi ne kuma ke ɗauke da Wa'azin kan Dutse a surori 5 zuwa 7, inda Addu'ar Ubangiji take. Luka, wanda manzo Bulus ya kira likita, ya fi kula da mata da matalauta da waɗanda jama'a ta ƙi, kuma a wurinsa kaɗai ake samun misalin Basamariye mai tausayi da na ɗan da ya ɓace. Yohanna ya bi tasa hanyar, da dogayen jawabai da mu'ujizai kaɗan zaɓaɓɓu da yake kira alamu. Abin lura shi ne dukansu huɗu sun ba makon ƙarshe na rayuwar Yesu fili mai yawa. A Markus wajen kashi ɗaya cikin uku na littafin ke nan.

Ayyukan Manzanni ci gaban Luka ne. Ya fara a Urushalima da saukowar Ruhu Mai Tsarki ranar Fentikos, ya bi Bitrus, sannan ya bi Bulus cikin tafiye-tafiyensa, ya ƙare Bulus yana tsare a Roma. A sura ta 8 akwai labarin wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha da aka yi wa baftisma a hanyar Gaza.

Daga nan sai wasiƙu 21. Guda 13 suna ɗauke da sunan Bulus, kuma an jera su ne kusan bisa tsawo, na ikkilisiyoyi tukuna, sannan na ɗaiɗaikun mutane. Shi ya sa Romawa ta zo farko, alhali wasiƙar farko zuwa ga Tasalonikawa, ta wajen shekara ta 50 Miladiyya, ta riga ta. Wasiƙu ne na gaske da aka aika wa mutane masu matsalolin gaske. Korantiyawa sun rarrabu a kan malamai, suna kai juna ƙara kotu, masu hali kuma na cinye abinci a taron Jibin Ubangiji kafin talakawa su iso. Galatiyawa sun rikice a kan ko dole ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin ya zama mai bi. Mafi gajarta a wasiƙun Bulus, Filimon, ayoyi 25 ce kawai: wani bawa mai suna Onisimus ya bar ubangidansa, ya haɗu da Bulus a kurkuku ya ba da gaskiya, sai Bulus ya mayar da shi da takarda yana roƙon a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, in kuma akwai bashi a kansa a ɗora wa Bulus. Wasiƙar Ibraniyawa ba ta faɗi sunan marubucinta ba. Sauran su ne Yakubu, Bitrus biyu, Yohanna uku da Yahuza.

Littafin ƙarshe, Wahayi ko Ru'ya ta Yohanna, an rubuta shi ne daga tsibirin Batmusa zuwa ga ikkilisiyoyi bakwai da ke yammacin Turkiyya ta yau, lokacin da suke cikin matsi. Cike yake da siffofi da lambobi da aka ɗauko daga Daniyel da Ezekiyel da Zakariya. Wanda ya fara da shi kafin ya san waɗancan zai sha wuya, kuma a nan ne masu fassarar son zuciya suka fi samun abin yi. Malamai da yawa sukan ba sabon mai koyo shawarar ya fara da Markus, ya bi da Luka da Ayyukan Manzanni, sannan ya koma Farawa da Fitowa, yana haɗawa da Zabura ɗaya kowace rana.

Ba rana ɗaya aka tsayar da jerin littattafan nan 27 ba. Ikkilisiyoyi sun daɗe suna karanta Bishara huɗu da wasiƙun Bulus a taron sujada, ana kuma muhawara a kan wasu 'yan kaɗan. Jeri na farko da ya yi daidai da na yau yana cikin wasiƙar Ista da Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta a shekara ta 367, kuma majalisar da ta zauna a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ta amince da shi a 397. Duka biyun a nahiyar Afirka aka yi su.

Zuwan littafin cikin Hausa ya ɗauki lokaci. Wani Bajamushe mai aikin mishan, J. F. Schön, ya fassara wasu sassa tun tsakiyar ƙarni na 19. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, yana cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyin aikin. Bayan haka an yi sababbin fassarori da Hausar yau da kullum, abin da ya sa sunayen wasu littattafan suka bambanta daga kwafi zuwa kwafi, kamar Misalai da Karin Magana. Da wannan littafi ake sujada a ikkilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN, inda jama'ar ƙabilu masu yawa ke haɗuwa a kan harshen Hausa, haka kuma a ikkilisiyoyin yankin Maradi da Zinder a Nijar.

Ginshiƙan bangaskiya

Tun ƙarnonin farko Kiristoci suka taƙaita abin da suka fahimta daga littattafan nan cikin gajerun shaidun bangaskiya, waɗanda ake koya wa mai shirin baftisma. Biyu sun fi shahara: Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, da ta Nikiya, wadda aka tsara a majalisar shekara ta 325, aka faɗaɗa ta a Kustantiniya a 381. Katolika da Orthodox da yawancin Furotesta sun haɗu a kan abin da ta Nikiya ta ƙunsa.

Ginshiƙi na farko shi ne Allah ɗaya ne, Mahaliccin sama da ƙasa, wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Kiristoci sun ƙara da cewa wannan Allah ɗaya ya bayyana kansa a matsayin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, uku da ba a gauraya su, ba a kuma raba su, zatinsu ɗaya. Wannan ita ce koyarwar Triniti. Ba sa nufin alloli uku, kuma idan suka kira Yesu Ɗan Allah ba sa nufin haihuwa irin ta jiki. Suna nufin dangantakar da ke tsakanin Uba da Ɗa tun fil azal. Gardamar da ta tara majalisar Nikiya ke nan: wani firist na Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar da cewa Ɗan halitta ne, majalisar kuwa ta ƙi wannan ra'ayi. Masanan tauhidin Kirista da kansu sun yarda cewa al'amarin ya fi ƙarfin a kewaye shi da hankali, kuma misalan da ake kawowa don sauƙaƙa shi duk suna da inda suka gaza.

Game da ɗan Adam, koyarwar ita ce an halicce shi cikin kamannin Allah, namiji da mace, saboda haka kowane rai na da daraja. Amma tun daga rashin biyayyar Adamu da Hauwa'u zunubi ya shiga, ya raba mutum da Mahaliccinsa. A fahimtar Kirista zunubi ya wuce laifuffukan da ake iya lissafawa, karkata ce da ke cikin zuciya, wadda mutum ba ya iya miƙe ta da ƙoƙarin kansa.

Daga nan ne maganar Yesu Almasihu ta zama tsakiyar komai. Kiristoci sun gaskata cewa budurwa Maryamu ta haife shi ta ikon Ruhu Mai Tsarki, cewa shi cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, kamar yadda majalisar Kalsidon ta bayyana a 451. An gicciye shi a Urushalima a zamanin Bilatus, wanda ya yi gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, aka binne shi, ya tashi daga matattu a rana ta uku, sannan ya hau sama. Mutuwarsa ita ce hadayar da ta ɗauke zunubi sau ɗaya tak, wadda hadayun Littafin Firistoci suka yi ishara gare ta. Tashinsa kuwa Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa in babu shi bangaskiyar ba ta da wani amfani. Saboda tashin ne Kiristoci ke taruwa ranar Lahadi, kuma saboda shi ne Ista ta fi Kirsimeti nauyi a kalandar ikkilisiya, ko da yake Kirsimeti ta fi ta armashi a gari. A nan ne kuma koyarwar Kirista da ta Musulunci suka rabu a fili. Musulunci yana girmama Isa ɗan Maryam a matsayin annabi kuma manzo, ya yarda da haihuwarsa ba tare da uba ba, amma bai yarda cewa shi Ɗan Allah ne ko an gicciye shi ba. Maƙwabta da suka san ainihin inda suka haɗu da inda suka bambanta sun fi iya zance da juna ba tare da ƙage ba.

Ceto, a koyarwar Kirista, kyauta ce ta alherin Allah wadda ake karɓa ta wurin tuba da bangaskiya ga Yesu. Matsayin ayyukan kirki a cikin wannan al'amari yana cikin abubuwan da suka raba Martin Luther, ɗaya daga cikin masu gyaran ikkilisiya, da Katolika bayan 1517. Furotesta sun nanata cewa ta bangaskiya kaɗai ake samun karɓuwa, ayyuka kuma 'ya'yanta ne. Katolika ta nanata cewa alherin yana aiki cikin mutum ta wurin bangaskiya mai aikata ƙauna. A 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Katolika da na tarayyar Lutheran ta duniya suka sa hannu a kan sanarwar da ta nuna sun yarda da juna a kan tushen wannan koyarwa. Babu ɓangaren da ke koyar da cewa mai bi zai zauna yadda ya ga dama. Yesu ya tattara dukan doka a kan ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, ya kuma kai ta har ga maƙiyi.

Ruhu Mai Tsarki shi ne ke zaune cikin masu bi, yana tsarkake su, yana ba su baye-baye don amfanin jama'a. Ikkilisiya kuma ita ce jama'ar kanta, ginin da suke taruwa a ciki majami'a ce ko coci. Ayyuka biyu ne kusan dukan Kiristoci ke kiyayewa. Baftisma ita ce ƙofar shiga, ana yin ta da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Katolika da Angalikan da Lutheran suna yi wa jarirai, Baptist da ECWA kuwa sai mutum ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi a rafi ko a kwarmin da aka gina don haka. Jibin Ubangiji shi ne cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da jikin Yesu da jininsa. Katolika ta gaskata gurasar da ruwan inabin suna zama jikinsa da jininsa da gaske, Furotesta da yawa kuma suna ɗaukar su alama ce ta tunawa. Katolika da Orthodox suna ƙirga irin waɗannan tsarkakan ayyuka bakwai, har da aure da naɗin firistoci da shafa wa marar lafiya mai.

Ginshiƙi na ƙarshe ya shafi abin da ke gaba. Kiristoci suna sauraron dawowar Yesu, da tashin matattu cikin jiki, da shari'ar da za a yi wa rayayyu da matattu, da rai madawwami a sabuwar sama da sabuwar ƙasa, kamar yadda surori biyu na ƙarshe na Wahayi suka siffanta. Ikkilisiyoyi sun sha bamban a kan yadda abubuwan za su jeru, musamman ma'anar mulkin shekara dubu da ke cikin Wahayi 20, inda wasu ke ɗaukarsa a zahiri, wasu kuma a matsayin siffa ta zamanin ikkilisiya. A kan lokacin dawowar kuwa, Markus 13 da Matiyu 24 sun nuna cewa ba a ba kowa sanin ranar ko sa'ar ba, kuma saboda haka manyan ikkilisiyoyi ba sa karɓar lissafin duk mai wa'azin da ya tsayar da rana.